Ganyen da Zai Ɗauki Luzia

Tun da ruwa ya fara hawa a wannan shekarar dattijo Osmarino, wanda ake kira Seu Osmarino don girmamawa, ya sa wa wani ganyen bado ido, can ƙarshen tafki inda tsohon rimi ya faɗi. Ya gan shi tun yana dunƙule kamar bushiya, duk jikinsa ƙaya, ya ga ya buɗe, ya ga gefensa ya miƙe ya yi masa katanga a zagaye. Yanzu faɗinsa ya zarce na kaskon da matarsa, Dona Deuzarina, take soya garin rogo a ciki, kuma duk wanda ya san kaskon nan ya san ƙato zai miƙe ƙafa a cikinsa ya yi barci. Kullum da safe sai ya tuƙa kwale-kwale ya je ya duba shi, ya kori tsuntsayen da ke yawo a kai, ya tsince karmamin da iska ta zubo. Idan maƙwabta sun tambaye shi sai ya ce kifi ya je nema. Kowa ya san zance ne kawai, tunda ko ƙugiya ba ya ɗauka.

A gidansu ba a cewa yaro ya iso gida sai an kwantar da shi a kan ganyen bado. Baftisma aikin limamin coci ne, wannan kuwa aikin dattijon gida ne. Mahaifin Osmarino ne ya kwantar da shi, shi kuma ya kwantar da 'ya'yansa kaf, ya bi da jikoki, har da 'ya'yan maƙwabta da iyayensu suka roƙa. Ba a taɓa samun wanda ko bakin zanensa ya jiƙe ba, kuma in ka zauna shan gahawa da shi sai ka ji wannan labari, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Hotunan yaran suna jere a bangon katako, sama da inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa. Jarirai ne a tsakiyar kore, kusan dukansu sun wage baki suna tsala ihu. Shi ba ya cikin ko ɗaya, domin da zarar ya ajiye yaro sai ya janye hannu ya ja da baya, don a ga ganyen kaɗai ne ya ɗauka.

To, ga shi autarsu Aldenora ta haihu a birnin Santarém, an samu mace, an sa mata Luzia, kuma ta aiko cewa suna tafe a jirgin ruwan Asabar, ita da mijinta da jaririyar. Saƙon ya faranta wa tsoho rai ƙwarai. Ya kuma hana shi sukuni, saboda hannunsa.

Na dama ne ya fara, tun bara. Da farko babban yatsa ne kawai ke motsi shi kaɗai, daga baya hannun duka ya ɗauki rawa, na hagu ma ya fara koyi da ɗan'uwansa. Osmarino kuwa gara ka ce masa ɓarawo da ka ce masa ya tsufa. Sai ya koma shan gahawa rabin kofi, wai cikakke yana sa masa bugun zuciya. Ya daina ɗinkin raga a baranda, wai ido ne. In yana hira sai ya soke hannuwa a hammata kamar mai jin sanyi, a garin da ko kare bai san sanyi ba. A ganinsa ya rufe wa duniya ido, alhali matarsa da ta tsufa tana zuba masa gahawa tana kallon komai, bakinta kawai ta kama.

Ana saura 'yan kwanaki su iso, ya saci jiki ya shiga rumfar suya, ya ɗebi garin rogo a buhu daidai nauyin jariri, ya naɗe 'yar tabarmar da ake shimfiɗawa a kan ganye, ya sulale. Bai nufi zaɓaɓɓen ganyensa ba, wani ya samu a gefe. Ya kafa gora a laka ya ɗaure kwale-kwale, ya durƙusa ya shimfiɗa tabarma.

Aikin ba shi da wuya a ido. Za ka tallafo yaro da hannu biyu, ka miƙa shi har cibiyar ganye, ka sauke shi gaba ɗaya, kai da ƙafa tare, sannan ka zare hannu a hankali. Ganyen yana ɗaukar nauyin da aka baza masa. Wanda aka tara masa wuri guda ne ba ya yafewa, ko yatsa ka dangwala da ƙarfi sai ya huje.

Ya miƙa buhun. Tun bai kai tsakiya ba hannun ya fara halinsa. Ya ciji leɓe ya ƙara miƙawa, sai buhun ya suɓuce ta gefe ɗaya ya dira da kusurwa. Ganyen ya yage, tabarma ta lotsa, ruwa ya ɓulɓulo ya cika shi taf. Kafin ya cafko buhun rabin garin ya zama kunu, ƙananan kifaye har sun taru suna walima.

Ya daɗe a durƙushe. Can ya sa filafili ya kifar da yagaggen ganyen, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ƙasansa ja ne mai duhu, duk ƙaya. Jijiyoyi masu kauri sun taso daga cibiya sun bazu zuwa gefe, kowace ta rabu biyu, ta sake rabuwa, wasu ƙanana kuma sun gitta tsakaninsu sun yi ɗaki-ɗaki inda iska ke maƙalewa. Ya danna jijiya ɗaya da filafili, ta fitar da kumfa. Ko ɗaya ba ta karye ba, siririyar fatar da ke tsakani ce ta yage, daidai inda buhu ya dira. Ganye dai ba shi da laifi, kuma Osmarino ya san haka. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da kada ya kifar masa da kwale-kwale yana saurayi.

Da ya dawo, Dona Deuzarina tana zaune a matakalar gida tana kankare ɓawon kifi. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Tsoho, ina garina?"

"Wane gari kuma?"

"Wanda ya yi ƙafa ya bi ka. Ga shi nan a wandonka har gwiwa."

"Kifi na je yi wa tarko."

"Oho. Kifin ne ya ce ba zai ci ba sai an shimfiɗa masa tabarma?"

Ya yi kamar bai ji ba, zai raɓa ta ya hau, sai ta ajiye wuƙa ta ce, "Zauna, Osmarino." Ba kasafai take kiran sunansa ba, shi ya sa ya zauna. Ta zaro hannunsa daga hammata ta ɗora a cinyarta, hannun yana ta rawarsa ba kunya.

"Deuza, gajiya ce kawai," in ji shi.

"Gajiyar shekara guda? Ni ke wanke rigunanka fa. Na san yawan gahawar da ƙirjinka ke sha."

"To me kike so in yi? In ce wa yarinyar nan ta koma da 'yarta haka nan? 'Ya'yan yayyenta duk suna bango, a ce tata kaɗai babu?"

"Ni ban ce ba. Akwai hannuwa a dangin nan ban da naka."

"Na wa? Mazan suna can birnin Manaus. Ke kuma bayanki ba ya sunkuyo."

"Uban yarinyar fa?"

Tsoho ya fizge hannunsa. "Mai burodi? Mutumin da in ya shiga kwale-kwale yake rungume benci kamar ya ga uwarsa? Shi zan ba jikata a kan ruwa?"

"'Yarsa ce kafin ta zama jikarka." Ta ɗauki wuƙarta ta koma kan kifi. "Ni dai abin da na sani, gari ana sake soya wani."

Maganar ta kwana da shi ta tashi da shi.

Mijin Aldenora, Valdenir, ɗan Ceará ne, ƙasar da kogi ke bushewa har a buga ƙwallo a cikinsa. Neman aiki ya kawo shi Santarém, ya kama gashin burodi, ya kuma kama zuciyar autar Osmarino. Tsoho ba ƙinsa yake yi ba. Yaron yana da ladabi, ba ya sha, yana riƙe da matarsa da kyau. Raina shi kawai yake yi, kamar yadda mutanen ruwa ke raina duk wanda bai iya riƙe filafili ba, kuma Valdenir ya saba, dariya yake yi.

Ranar Asabar jirgi ya yi ƙaho ya tsaya a gaban gida. Aldenora ta sauko da gudu ta kama hannun mahaifinta ta sumbata.

"Sa min albarka, Baba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ta ɗan riƙe hannun fiye da yadda aka saba, ta dubi mahaifiyarta. Bayanta Valdenir ya biyo katakon saukowa da ɗan taku-taku, buhun fulawa a kafaɗa, ido a rufe rabi.

"Sa min albarka, Seu Osmarino."

"Allah ya yi maka. Mai burodi, ka koyi iyo, ko har yanzu sai a bokiti?"

"Ina nan ina fama, Seu Osmarino. Yanzu har fuska nake sawa a ruwa."

"Madalla. Kafin Luzia ta yi aure za ka sa kunne."

Da aka miƙo masa jaririyar, sai ya yi wuf ya zauna a ragar kwanciya, don a ɗora masa ita a cinya. Luzia 'yar lukuta ce, gashi cunkus, ido ƙyar a kansa. Ta damƙe yatsansa ta kai baki. Daɗi ya cika tsoho har ya manta da komai, ya shiga yi mata hira, yana ba ta labarin ganyen da ya ajiye mata, wai duk tafkin babu kamarsa. Da yamma aka gasa kifin tambaki, aka ci da gari da barkono, aka yi ta dariya a baranda har sauro ya kore su.

Washegari da sassafe tsoho ya farka ya ji motsi a rumfar suya. Ya leƙa, sai ga Valdenir ya hura wuta a ƙarƙashin kaskon surukarsa, ya kwaɓa fulawa tun ɗazu, ƙullun ya kumbura ya yi laushi har yana rawa in an taɓa faranti. Osmarino ya jingina da dirka yana kallo. Yaron ya zura hannu biyu ƙarƙashin ƙullu, ya ɗago shi, ya kai tsakiyar kasko, ya sauke shi gaba ɗaya, sannan ya zare yatsunsa. Ko alamar yatsa ɗaya babu a jikin ƙullun. Ya ɗauki na biyu ya yi masa haka, ya kife su da babbar tasa.

"Wai me ya sa kake lallaɓa shi haka, sai ka ce ƙwai?"

"Iska ce a cikinsa, Seu Osmarino. In ka dangwarar da gefe ɗaya sai ta fice, ya kwanta, ka ba mutane dutse su ci."

Tsoho ya yi gyaran murya ya juya. Da burodin ya gasu ya ci har biyu, ya ce ba laifi, gishiri ne dai ya yi kaɗan.

Rana ba ta yi zafi ba suka fita. Dona Deuzarina ta tuƙa ƙaramin kwale-kwale da Aldenora, wadda za ta ɗauki hoto da waya. Osmarino ya tuƙa babban, Valdenir a tsakiya da jaririya a ƙirji. Yau dai bai rungumi benci ba, hannuwansa duka suna kan 'yarsa, fuskarsa ce kawai ta yi fari. Suka ratsa tsakanin ganyaye har gindin rimi. Wani furen bado da ya buɗe fari jiya da magariba yana rufewa, ƙamshinsa kamar na nunanniyar abarba bai gama tafiya ba. Ga ganyen Luzia nan shimfiɗe, kore shar, ba tabo ba huji.

"Kai, Baba!" in ji Aldenora. "Wannan ai ya fi nawa girma."

"Naki ma ai ba a yi irinsa ba a shekararsa. Ke ce dai kika cika shi da ihu."

Ya kafa gora, ya ɗaure kwale-kwale, ya durƙusa ya shimfiɗa tabarma, ya gyara ta ya sake gyarawa. Matan suka zagaya ɗaya gefen. Sannan ya juya ya ce, "Miƙo ta."

Valdenir ya miƙa ta ba musu. Jikinta ɗumi, nauyinta daidai na buhun nan. Osmarino ya tallafo ta, ya fara miƙa hannu, har ƙafafunta sun haye katangar ganye. Nan hannun ya ɗauki rawa. Ya roƙe shi a zuci, ya zage shi a zuci, hannu dai bai ji ba, har kumatun Luzia suna karkarwa. Ya dubi baƙin ruwan da ke tsakanin kwale-kwale da ganye, ya tuna da kifayen nan da suka taru kan gari. Ya san in ya matsa ba wanda zai hana shi, matarsa ma ba za ta kunyata shi gaban suruki ba, kuma wataƙila a dace. Wannan wataƙilar ce ta dakatar da shi.

Ya janyo jaririyar ya manna ta a ƙirji. "Hannuna ya ƙi," in ji shi, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ya daɗe da ƙi. Ba zan iya ba."

Idon Aldenora ya kawo ruwa. "Baba, a bari mana, ai ba dole ba ne. Mu ɗauke ta a hannunka, ganyen a baya."

"Wa ya ce a bari? Ganye na nan, yarinya na nan, a bari don me?" Ya juya. "Kai, mai burodi. Matso."

"Ni? Seu Osmarino, ni fa ko..."

"Ba iyo na ce ka yi ba. Durƙusa nan. Gwiwa ɗaya nan, ɗaya nan. Zan riƙe ka ta ƙugun wando. Ruwan iya cibiya ne, in ka faɗa kunya kawai za ka sha, ita kuwa ka saba."

Valdenir ya durƙusa, gumi na tsatstsafo masa a goshi. Tsoho ya miƙa masa 'yarsa, ya damƙi wandonsa ta baya.

"Ka ga inda layukan nan suka haɗu, ƙarƙashin tsakiyar tabarma? Nan ne cibiya, ƙarfin ganyen duka daga nan ya taso. Bayanta zai sauka a nan. Kada ka kalli ruwa, ba shi ya kawo ka ba. Yadda ka yi wa ƙullun nan da safe, haka za ka yi."

Valdenir ya ja numfashi, ya sunkuya ya miƙa hannu. Hannuwan nan biyu kuwa ko gezau. Ya kai ta tsakiya, ya sauke ta gaba ɗaya, ya zare yatsunsa. Ganyen ya ɗan nutsa kaɗan, ya dawo, ya tsaya cak.

"Ta hau!" in ji Dona Deuzarina, tana yin alamar gicciye. "Ta iso gida."

Luzia ta dubi sama ta ga ba fuskar kowa, sai ta yi abin da duk 'yan gidan suka yi kafin ita, ta wage baki ta tsala ihu har tsuntsaye suka tashi. Daidai nan wata 'yar iska ta taso, ganyen ya fara matsawa daga jikin kwale-kwale. Osmarino ya saki wandon surukinsa ya kai hannu ya riƙe katangar ganyen ta ciki, inda ba ƙaya. Hannun dama ne, kuma bai fasa rawarsa ba. Rawar ta bi katanga ta shiga jijiyoyi, ganyen duka ya ɗauki wani ɗan lilo mai laushi, ruwa na fitar da ƙananan zobba a zagaye. Kukan ya fara raguwa. Luzia ta yi ajiyar zuciya, ta tsotsi leɓe, ta yi hamma, idonta ya fara lumshewa.

Tsoho ya ga Aldenora ta ɗaga waya, sai ya tuna, ya yunƙura zai janye.

"Ka ɗaga hannun nan ka gani, tsoho," in ji Dona Deuzarina ƙasa-ƙasa.

"Zai ɓata hoto, Deuza."

"Bar shi ya ɓata. Tun kana da baƙin gashi kake kwantar da yara suna fasa mana kunne. Yau ne kawai aka samu wadda ta yi barci."

Ya bar hannun a wurin. Ya durƙusa nan yana jijjiga jikarsa a kan ruwa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don ɗaya hannun yana riƙe da gora. Ba baƙin ciki yake ji ba, wani irin sauƙi ne, na wanda ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su. Sai da rana ta fara dukan fuskar yarinyar ya ce wa Valdenir, "Ɗauko 'yarka, ɗana. Yadda ka sa haka za ka ɗauke." A hanyar komawa ya miƙa masa filafili, suka yi ta zagaye wuri ɗaya, matan suna dariya har da riƙe ciki.

Bayan wasu makonni jirgin Asabar ya kawo hoton a cikin gilashi. Komai ya fito tar: ganye, tabarma, Luzia na barci da hannu a kunci. Sai dai a gefe akwai wani hannu da ya yi dishi-dishi, don bai tsaya ba lokacin da aka ɗauka. Dona Deuzarina ce ta buga ƙusa, shi ya nuna wuri, a tsakiyar jerin, daidai inda ido zai fara sauka. Ya koma shan gahawa cikakken kofi, rabi a ciki rabi a riga, matarsa na mita tana wankewa.

Wata rana mai sayen gari ya tsaya shan gahawa, ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Kash, hoto mai kyau, sai dai wani ya sa hannu ya ɓata shi. Na wane ne haka?"

"Nawa ne," in ji Seu Osmarino. Ya ɗaga hannun sama, yana ta rawarsa, ya nuna masa. "Zauna in ba ka labari."